Datsun 240Z ta gado: a yi wa injinta garambawul ko a sauya shi?

Tambaya: Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Datsun 240Z ƙirar 1972 a gida a Kaduna. Ta fi shekara goma sha biyar a ajiye. Mun samu ta tashi, amma tana fitar da hayaƙi shuɗi, tana shan baƙin mai, ga wata ƙara tana fitowa daga saman injin. Makanike ɗaya ya ce a yi mata garambawul. Wani kuma ya ce asarar kuɗi ce, a sauke injin a ɗora na Lexus ɗan Beljiyam a huta. Wanne ya fi?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya kyauta namu zuwan.

Malam, in ra'ayina kake nema kai tsaye, garambawul za a yi, kuma injin nan ba zai bar gidanku ba. Amma kada ka biya kowa ko sisi a kan maganata, ko ta makanikan nan biyu, sai an auna. Duk cikinmu babu wanda ya ga cikin injin nan tukuna.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Buɗe bonet ka nemi ɗan allon ƙarfe da kamfani ya manna a cikin ɗakin inji. Akwai lambar bodi a kai, akwai kuma lambar inji. Lambar bodin za ta fara da HLS30 in sitiyarin a hagu yake, ko HS30 in a dama yake. Duka biyun suna iya yiwuwa ga motar shekarar, domin a ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Daga nan ka zagaya ɓangaren da fulogi suke, can wajen silinda na biyar da na shida, ka goge dattin da ke jikin bulo. Za ka ga an buga L24, wato sunan injin, da wasu lambobi a bayansa. In lambar bulon ta dace da ta allon, to injin da motar ta fito da shi daga Japan ne ke cikinta har yau, kuma wannan shi ne abu ɗaya a jikinta da kuɗi ba zai sayo maka ba in ya salwanta. Fiston ana saye, kiranshaf ana saye, har ƙofa da bonet ana samu. Bulo mai wannan lamba ɗaya ne tak a duniya.

Masu tara tsofaffin motoci a kan haka suke yin ciniki. Lokacin da 240Z ta shiga kasuwar Amurka a 1970, kuɗinta kimanin dala 3,500 ne. A Janairun 2020 an yi gwanjon wata ƙirar 1971 da ba ta wuce tafiyar mil 21,000 da 'yan kai ba, komai nata na asali, ta tashi a dala 310,000. Ba ina ce maka taku za ta kai ko kusa da haka ba. Waccan kusan sabuwa ce, taku kuwa ta sha rana da ƙurar Kaduna. Abin da nake so ka lura da shi shi ne abin da aka biya wa kuɗin. Ba gudu aka saya ba, don Camry ta yau za ta wuce ta a titi. Asali aka saya.

Kafin ma mu shiga inji, a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta. Cutar 240Z tsatsa ce, ba inji ba: daɓen ƙasa inda ake ɗora ƙafa, sandunan ƙarfe biyu da suka bi ta ƙarƙashin daɓen, mazaunin batir, da bakin ƙofar baya. Motar ba ta da shasi daban, jikin ne ke ɗauke da komai. A nan arewa iska busasshiya ce, yawanci muna tsira daga wannan, sai dai rana ta farfasa dashbod ta busar da robobi, ɓera kuma ya ci wayoyi. Amma in a ƙarƙashin bishiya ta yi damuna goma sha biyar, a sa guduma ƙarama a bubbuga. In ƙasan ya ruɓe, kuɗin farko na mai walda ne.

Yanzu injin. L24 silinda shida ne a jere, cc 2,393, bulon baƙin ƙarfe, tof silinda na alminiyom, kamshaf ɗaya a sama wanda kaca ke juyawa, da kaburato biyu na Hitachi. Kiranshaf ɗinsa yana zaune a kan metal bakwai, shi ya sa ƙasan injin ke da wuyar mutuwa. A takarda ƙarfinsa doki 151 ne, kodayake awon wancan zamanin yana da ƙari. Da irin wannan injin 240Z ta ci gasar Safari ta gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta sake ci a 1973 a hannun Shekhar Mehta, cikin ƙura da taɓo da zafi irin wanda muka sani. Inji ne da aka ƙera don a buɗe shi a gyara, a sake buɗewa a gyara.

Alamun da ka lissafa, babu ko ɗaya da ke nuna ya mutu. Motar da ta daɗe a tsaye, ringi kan manne a cikin ramin fiston saboda baƙin mai da ya daskare, robobin wuyan bawul kuma su bushe su tsage. Kowanne daga cikin biyun yana kawo hayaƙi shuɗi. In hayaƙin ya fi yawa da safe lokacin tashi, ko bayan ka saki totur a gangara ka sake takawa, robobin bawul ne. In kuma yana ƙaruwa duk lokacin da ka taka da ƙarfi, ringi ne. Ƙarar da ke sama kuwa, abu uku nake zargi. Ko dai tazarar bawul ta buɗe, wanda gyaransa sifana biyu ne da ma'aunin tazara, milimita 0.20 na shiga, 0.25 na fita, in injin yana da sanyi. Ko kacar taimin ta saki. Ko kuma, wanda ya fi muni, kamshaf ya cinye. Injinan farko na gidan L, wato dangin L24, suna shayar da kamshaf ne ta wani siririn bututu mai ƙananan huji da ya bi ta gefensa yana fesa mai. Hujin nan in datti ya toshe su, kamshaf ya yi ta gudu a bushe har ya goge. Buɗe murfin sama kawai zai nuna maka, aikin minti goma ne. Ƙarar da ake tsoro ita ce ta ƙasa, mai nauyi, wadda ke bin bugun inji tana ƙaruwa in ya yi zafi. Ba ita ka faɗa ba.

Don Allah a daina tada ta da tsohon tankin nan. Fetur da ya shekara da shekaru yana zama kamar ƙaro, in ya bi ta kan bawul ya manne shi, fiston ya zo ya same shi a buɗe, sai a jawo ɓarnar da babu ita a da. A ja mata mai daga galan mai tsabta har sai an wanke tanki.

Awon da nake so a yi guda biyu ne. Na farko matsin silinda: inji da ɗumi, a cire fulogi duka shida, a buɗe totur gaba ɗaya, a auna ɗaya bayan ɗaya a rubuta. Lafiyayye zai ba ka tsakanin 150 da 180 a ma'aunin psi, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne su yi kusa da juna, kada bambancin ya wuce kashi goma cikin ɗari. Wanda ya yi ƙasa, a zuba masa cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In ya tashi, ringi ko bangon silinda ne. In bai motsa ba, bawul ne. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Na biyu ƙarfin famfon mai, da agogon hannu da ake ɗaurawa a jikin bulo, ba na dashbod ba, don wancan ya tsufa yana ƙarya. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce kimanin psi 10 ga kowane juyi 1,000 in mai ya yi zafi. In ya ba da haka, metal ɗinka da sauran rai.

Abin da zai sa in ce a haƙura da bulo kaɗan ne: tsagewa da ta ratsa hanyar ruwa ko mazaunin kiranshaf, ko kwanrod ya ɓalle ya huda gefe. Ko ruwa ya kwanta a silinda ya ci bango, ana faɗaɗa shi a sa fiston mai ƙarin milimita 0.5 ko 1.0, in ya wuce nan a sa masa siliba. Inda na fi jin tsoro shi ne tof silinda. Shekarun da aka yi ana ɗura wa lagireto ruwan rijiya suna cin alminiyom ta ciki, sai ka buɗe ka tarar hanyoyin ruwa sun zama kogo. Ana cikewa da waldar alminiyom in ba ta yi nisa ba, in ta yi nisa a nemo wani. Tof ɗin ba shi ke ɗauke da lambar ba.

To amma akwai gaskiya a bakin makanike na biyu, kuma sai an faɗe ta. Abin da ya sa mutanenmu suka yanke ƙauna da garambawul shi ne abin da ake kira garambawul a gareji da yawa ba shi ba ne. A sauke inji a ƙasa cikin ƙura, a goga bangon silinda da samfefa, a sa sabon ringi da metal, a ɗaure da ƙarfin damtse, bayan wata shida hayaƙi ya dawo, sai a ce ai tsohon inji ba ya gyaruwa. Silinda da ya yi shekara hamsin ya daina zama da'ira, ya yi faɗi a sama ya tsuke a ƙasa, sabon ringi ba zai taɓa zama a cikinsa ba. Don haka tambayar da ta fi "wane inji" nauyi ita ce "wa zai yi aikin". Ka je wurinsa ka ce ya nuna maka maikuromita, da ma'aunin cikin silinda, da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri. In ya yi dariya ya ce shi hannunsa ya sani, yi masa godiya ka wuce. Masu injin yankan ƙarfe da ke yi wa manyan motoci da janareto aiki a Kaduna da Kano za su iya faɗaɗa silinda da yankan kiranshaf, sai dai ka bi tsari: a auna tukuna, a sayo fiston, a kai musu fiston ɗin a hannu, su yanka kowane rami daidai da shi. Ba a yanka sannan a tafi neman abin da zai shiga. Kiranshaf ma haka, ana rage shi milimita 0.25 ko 0.50 gwargwadon metal ɗin da aka samu.

Akwai wurare biyu da wanda bai saba da wannan injin ba kan faɗa. In za a cire tof silinda alhali ba a buɗe gaban inji ba, dole a cusa ɗan katako a tokare kacar taimin, in ba haka ba abin da ke matse ta ya zame ya faɗa ciki, sai an kwance gaba ɗaya. Sannan fuskar tof ba a yi mata yankan ganganci. Duk abin da aka rage yana kusanto da kamshaf zuwa kiranshaf, kaca ta yi sako-sako, taimin ya ja baya. In an rage da yawa sai an sa ƙananan faranti a ƙarƙashin mazaunin kamshaf a mayar da tsayin. Tun da an buɗe, a sauya kujerun bawul zuwa masu tauri. An ƙera injin ne a zamanin fetur mai darma, kuma an daina sayar da irin wannan fetur a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006.

Kayan gyara ba za ka same su a jere a Panteka ko Ƙofar Ruwa kamar na Corolla ba, amma ba su ɓata ba. Nissan ta yi shekaru tana ƙera injinan gidan L ta zuba su a motoci iri-iri, kuma har yau kamfanoni a Japan da Amurka da Ostareliya suna yin fiston, ringi, metal, kaca, famfon mai da gasket nasu sababbi. Duka za su shiga kwali ɗaya ko biyu. Kaburaton nan biyu ma kada a bari wani ya yar da su ya ɗora guda ɗaya na wata mota. Sauƙi gare su. Yawanci sandar totur ce ke cinyewa tana shan iska, sai a yi ta juya sukurori a banza. A gyara sandar, a zuba musu ɗan mai a saman, a daidaita su da juna. Sai lagireto mai tsabta, a mayar da tamostat in an cire, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, da baƙin mai 20W-50.

Mu dawo kan Lexus. Ina jin 2JZ-GE yake nufi, mai lita 3.0 na GS300 da IS300, ko 1UZ-FE mai silinda takwas na LS400. Injina ne nagari, babu musu, na farkon yana ba da doki wajen 220, yana tashi da bugu ɗaya, ba ruwansa da daidaita kaburato. Sai dai kuɗin da makaniken ya faɗa maka kuɗin inji ne kawai, kuma inji shi ne mafi arha a cikin aikin. Mazaunin inji sai an ƙera. Tukunyar baƙin mai ta 240Z a baya take zurfi saboda sandar da ta gitta a gaba, da yawa daga cikin waɗancan kuwa a gaba take, sai an nemo wata da bututun tsotsonta. Giyar da ke zuwa da su kusan duk otomatik ce. In kana son ta hannu, giyar Toyota W58 ko R154 za ka nema, kuma masu wasan mota na duniya sun riga sun tsadantar da su. Farfela sai an yanke an haɗa an daidaita. Kaburato psi uku zuwa huɗu yake buƙata, injekta kuwa sama da arba'in, wato sabon famfo, sababbin bututu, da aiki a cikin tanki. L24 salansarsa da kaburatonsa duk a hagu suke, 2JZ salansarsa a dama take. Mai silinda takwas kuma faɗi gare shi, yana rigima da sandar sitiyari. Ga birenbos da tulin wayoyinsa, na baya-bayan nan har da makullin da sai ya gane shi kafin ya ba da wuta, ga agogon gudu da na juyi da ba za su ji yarensa ba. Nan ne aiki ke komawa hannun rewaya, nan ne kuma na fi ganin irin waɗannan motoci suna kwana shekaru a gareji an lulluɓe su da tamfol.

Ko an gama duk wannan lafiya, an ɗora ƙarin ƙarfi a kan motar da nauyinta bai fi tan ɗaya da kaɗan ba, birkin bayanta na ganga ne, aksul ɗinta ƙaramin R180 ne, jikinta kuma siririn ƙarfe mai shekara hamsin. Dole a bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙarfafa. Kuma ka tuna shi ɗan Beljiyam ɗin ba sabo ba ne. An daina LS400 a 2000, GS300 da IS300 masu 2JZ kuma a 2005. Za ka fitar da tsohon injin da ka san mai shi, ka shigo da tsohon injin da ba ka san ko sau nawa ya tafasa ba, da garantin sati ɗaya ko biyu. Wanda aka yi wa garambawul na gaskiya, an auna kowane rami, shi ne sabo a cikin biyun.

Ba wai sauya inji haramun ba ne. A shekarun 1970 wani kamfani a Kalifoniya mai suna Scarab ya riƙa ɗora wa Z injin Chevrolet mai silinda takwas yana sayarwa, kuma har gobe Amurkawa suna zuba mata injin LS na Chevrolet, wasu injin RB na Nissan Skyline. Da za ka ce min ka tsinci gangar jiki ce babu inji, ko wani ya riga ya yayyanka ta, ko gudun fili kake so, da na ce bismillah, ga yadda za a yi. Su can suna da kayan da aka riga aka ƙera don wannan aiki, sai dai a ɗaura. Kai a nan kusan komai da hannu za a ƙirƙira, a kan motar da ba a taɓa yanka ba.

In awo ya nuna bulon ya mutu, ko kuma kai dai ƙarin ƙarfi kake so, akwai hanya ta tsakiya da na fi yarda da ita: L28. Ƙanen L24 ne, cc 2,753, ya fito a 280Z daga 1975, sannan 280ZX, kuma an sa shi a manyan Datsun irin su 280C da Nissan Patrol na farkon shekarun 1980, don haka ba abin mamaki ba ne a same shi a ƙasar nan. Yana zama a kan mazaunin da ke wurin, ya kama giyarka, ya karɓi kaburatonka da salansarka, ba a yanka komai ba. In daga Patrol ko babbar mota ya fito, a duba tukunyar mai da bututun tsotso, a kuma san cewa kamshaf ɗinsa na jan kaya ne, ba na gudu ba. Wataƙila a buƙaci ƙaramin famfon fetur na lantarki. Giya mai biyar ta 280Z ko 280ZX ita ma tana shiga, kuma a hanyar Kaduna zuwa Zariya za ka fi jin amfaninta fiye da ƙarin doki talatin. Masu neman ƙari har kiranshaf na LD28 mai dizal suke sawa su kai shi lita 3.1, amma wannan wani karatu ne. Shi ma L28 ɗin tsoho ne, sai an buɗe an auna.

Duk wanda aka zaɓa, in L24 ya sauka, kada ya bi 'yan gwangwan. A zuba mai a silindoji, a toshe kowace kafa, a ɗora shi a kan katako a ɗaki, a naɗe. Ko fasasshe ne, ranar da za a sayar da motar yana da daraja a gefenta. A riƙe rasit na injin da aka sayo, a je ofishin lasisi a gyara lambar inji a takardu, don kada wata rana a shingen hanya ta zama magana. Sannan ka ce "ya bar mana". In ba a raba gado ba, motar ta magada ce duka, kuma yanka ta rage darajar dukiyar wasu ne. A zauna da su kafin a kunna walda.

Ka sa a yi awon nan, ka turo min lambobi shida na matsi, kafin a zuba cokalin mai da bayan an zuba, da na famfon mai a tsaye da kuma a juyi 3,000, da hoton kamshaf da na allon lamba. In matsin ya yi kusa da juna kuma mai yana hawa, mai yiwuwa ma ba sai an sauke bulo ba, aikin tof silinda da kaca ne kawai.